Sulusin Uwargida Idonea

Duk wanda ya tashi a Wendham ya san gidan nan mai ƙofa biyu da ke kan tudu bayan coci. Baƙi sukan ɗauka ado ne. Ba ado ba ne. Uwargida Idonea ce ta sa aka fasa ta biyun a shekarar da mijinta ya rasu, don kada ta riƙa shiga ta ƙofa ɗaya da ɗanta.

Kada jin "uwargida" ya sa a zaci wata hamshaƙiya ce. In ana lissafin manyan matan Ingila na wancan zamani, masu ganuwa da dakaru, ko kwana aka yi ana ƙirga ba za a zo kanta ba. 'Yar ƙaramin barde ce, ta auri ƙaramin barde mai suna Warin, wanda ke riƙe da ƙauyenmu a ƙarƙashin wani babban ubangida da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai wakilansa. Gajeruwa ce mai kaifin ido, makullan gida kullum suna ƙugunta, tun daga nesa kake jin ƙararsu ka gyara tsayuwa. Ba ta da mugunta, kowa a garin nan zai yi mata wannan shaida. Tsoro ne da ita, kuma tun daga gidan ubanta ta taho da shi.

Tana budurwa mahaifinta ya rasu. Wanta ya dafa kafaɗar uwarsu ya ce ba sai an auna mata sulusinta ba, ai gida nata ne. Uwar ta yarda. Shekara ba ta zagayo ba ya yi aure, makullai suka koma ƙugun amarya, tsohuwa kuwa aka yi ta matsar da ita daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ta ƙare a wani ɗan lungu bayan madafa inda ake rataye albasa. Can tari ya kashe ta, kuma Idonea ce ta wanke gawar.

Sulusin nan ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Ranar aure, a bakin ƙofar coci, ango ke faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa in ya riga matarsa tafiya, kashi ɗaya cikin uku na ƙasarsa yana hannunta muddin ranta, bayan nan ya koma ga magaji. Sai dai yawancin iyaye mata ba sa kai maganar ga awo. Sukan zauna da 'ya'yansu a ci tare, a riƙa ware musu nasu na amfanin gona, shi ke nan.

Zazzaɓi ya ɗauke Warin lokacin haihuwar tumaki. Ya bar ɗa guda, Hamo, matashi dogo mai sanyin hali, wanda bai daɗe da auro wata yarinya mai suna Muriel ba. Matar mamaci tana da kwana arba'in a gidan mijinta kafin a san matsayinta. Ba su cika ba Idonea ta ce a kira dattawa goma sha biyu su zo da igiyar awo a fitar mata da sulusinta.

Hamo ya same ta a ɗakin cuku tana juya su a kan katako.

"Inna, awo kuma? Tsakanina da ke? Wa zai kore ki? Ai gidan nan naki ne."

Bawan Allah. Da gangan ya zauna neman maganar da za ta fi tayar mata da hankali, ba zai sami wadda ta kai wannan ba.

"Haka wana ya gaya wa uwarmu," in ji ta. "Ko kalma ɗaya ba ka canza ba."

"Ni ba wanki ba ne, Inna."

"Shi ma a ranar ba mugu ba ne. A kira dattawa."

Aka kira su. Har yanzu tsofaffi na ba da labarin awon nan suna dariya, ko da yake ba abin dariya ba ne. Aka raba zauren gida uku, aka raba rumbu, aka bi itatuwan tuffa ana ɗaura wa nata jan tsumma. Da aka zo ɗakin tantabaru dattawa suka tsaya cirko-cirko, don tantabara ba ta san igiya ba. Suka yanke cewa duk ɗan tsako na uku nata ne, haka ma kifin tafki. Rijiya kuwa aka ba ta hanyar zuwa da dawowa, aka kafa mata turaku a gefe da gefe.

Sibli na biye da su. Ita ce wadda suka sha nono ɗaya da Idonea, ta kuma biyo ta gidan miji tana yi mata hidima, kuma duk duniya ita kaɗai ke iya gaya mata magana ta kwana lafiya.

"To, saura kare," in ji Sibli. "Uwar ɗakina, kai kike so ko bindi? Ni dai shawarata ki ɗauki tsakiya, can abincin yake."

"Rufe mini baki, Sibli."

"Na rufe sulusinsa."

Gonaki ba su ba da wahala ba. Fadama ce ta gagara. Kogi na malale ta duk shekara, duk turken da aka kafa ruwa zai tafi da shi. Dattawa suka yi shawara, suka ce to a ba ta fadamar ɗungurungum, ita kuma ta bar wa Hamo rabonta na kurmi da gidan niƙa. Suka juya suna jiran Hamo ya ce a'a, don ko yaron goye a Wendham ya san fadamar nan ita ce ran gidan. Ciyawarta ake yankewa a shanya a tara, ita dawakai da tumaki ke ci in dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Amma Hamo na zaune a kan kututture tun safe, kunya da baƙin ciki sun ishe shi. Ya ce a ba ta duk abin da take so.

Aka ja bango na katako da yumɓu a tsakiyar zaure, aka fasa mata ƙofarta ta gabas. Daga ranar Hamo bai ƙara ce mata Inna ba. Uwargida yake ce mata, kamar yadda manoma ke faɗa, yana cire hula yana rusunawa. Ba ta taɓa jin zagin da ya yi mata zafi kamar wannan ladabi ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Rufi ɗaya, hayaƙi biyu. Ranar Lahadi su haɗu a coci su gaisa, kowa ya tsaya a gefensa. Muriel ba ta zama irin amaryar da Idonea ta yi tsoro ba, abin da ya ƙara dagula lissafi ke nan. Mace ce mai shiru da kawaici, in ta gasa burodin alkama sai ta ba Sibli guda a nannaɗe ta kai gabas. Da ta haifi 'ya mace aka sa mata Ismay, yarinyar na fara tafiya ta gano hanyar zagayawa ta bayan rijiya. Takan faɗo wa kakarta ba sallama, ta hau cinyarta ta kama makullai tana kaɗawa.

"Ga ɓarauniyar zumata ta zo," Idonea takan ce. "Ba a ba ki abinci a gidanku ne?"

"Naki ya fi daɗi, tsohuwa."

"Wa kike ce wa tsohuwa, mai hanci kamar na ubanta?"

Ana nan sai wan Idonea ya mutu bai bar ɗa ba. Ƙasar ubansu ta faɗo hannunta ita da ƙanwarta, suka raba biyu. Sai ga Idonea da gonaki a gari biyu, ta fi ɗanta ƙasa nesa ba kusa ba. Yanzu ko duniya ta taru ba mai iya kai ta lungun albasa. Shi kuwa Hamo abin da ya rage masa ba ya ɗaukar nauyin barde. Dole ne ya kasance yana da dokin yaƙi da sulke saboda kiran ubangida, doki kuma ba ya cin haƙuri. Duk kaka sai ya aiko a roƙi ciyawa. Ba ta taɓa hanawa ba, amma sai an roƙa, kuma kowace shekara roƙon na ƙara yi masa nauyi.

"Me kike jira?" Sibli ta tambaye ta wata rana suna kaɗin ulu. "Ki ba yaron nan fadamarsa. Doki ɗaya gare ki, shi ma tsohuwar goɗiya ce da ba ta da haƙoran tauna."

"Zan ba shi."

"Yaushe? Ranar da za a tashi matattu?"

"Ranar da ya tako ƙofar nan da ƙafarsa ya ce Inna. Abin da nake jira ke nan, bai fi haka ba."

Da gaske take. Ta riga ta gama bayarwa a zuciyarta, har ta tsara abin da za ta ce masa. Amma ta hana Sibli kai masa maganar, don tana so ya zo don kansa.

Sai aka yi wata shekara mai mugun sanyi. Ciyawar da aka ba Hamo ta ƙare tun ƙanƙara ba ta narke ba, girman kai ya hana shi aikowa karo na biyu, tumakinsa suka yi ta faɗuwa. Idonea na jin ana jan mushe ta bayan gida, rumbunta kuma cike. Ta jira ya aiko, shi kuma ya jira ta aiko. Kafin ciyayi su tsiro garkensa ya zama abin tausayi.

Da ƙasa ta yi kore sai ga shi a ƙofar gabas. Sibli ce ta hango shi, ta shigo da gudu tana cewa, "Ya zo! Ya zo da ƙafarsa!" Idonea ta gyara lulluɓi cikin murna.

To, a ƙasarmu ba a ba da ƙasa da baki kawai. Sai mai bayarwa da mai karɓa sun tsaya a kanta da rana tsaka a gaban shaidu, a yanki dunƙulen ƙasa da ciyawarsa, a soka masa ɗan reshe, a miƙa hannu da hannu. Hamo ya san haka. Ya kuma san ba zai iya tattara ƙarfin zuciyar yin wannan roƙo sau biyu ba. Saboda haka ya taho a shirye, da dattawa biyu a bayansa da wuƙar yankan ƙasa a ɗamararsa, don in ta amsa a wuce fadama a gama.

Idonea ta fito da fara'arta, idonta ya sauka a kan dattawa, ya sauka a kan wuƙa. Fara'ar ta ɗauke.

Hamo ya cire hula. "Uwargida, na zo ne a kan maganar fadama."

Ya ce Uwargida. A gaban mutane kuwa me zai ce? Amma ita ba ta duba wannan ba.

"Har da shaidu? Har da wuƙa?" in ji ta. "Ashe an gama yanke magana, ni kaɗai ce ban sani ba."

"Ba haka ba ne. Na ga in kin yarda..."

"Ban mutu ba tukuna, Hamo. Ranar da na mutu ba sai ka wahalar da dattawa ba, duk naka ne. Ka jira."

Ya tsaya yana jujjuya hula. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya zai sa baki, Hamo ya ɗaga masa hannu.

"Allah ya ja kwana, Uwargida," ya ce, ya juya.

Sibli ta bi ta ciki. "Kin kyauta. Shekara nawa kina jiran ya zo, ya zo kin kore shi kamar mai tallan tukwane."

"Zai dawo. In ya dawo shi kaɗai zan ba shi."

Bai dawo da maganar ba. A bazarar nan sarki ya yi kiran yaƙi zuwa arewa, babban ubangida ya aiko a tara masa baradensa. Abin da ke kan Hamo ɗan lokaci ne ya yi ya komo gida. Amma ya ɗaura wa kansa zama har ƙarshen yaƙin, ko Allah zai sa ya samo ganimar da zai tayar da gidansa. Muriel ta yi kuka ta gaji.

Safiyar tafiya ya zagayo gabas cikin sulkensa, ya durƙusa a gaban uwarsa ta sa masa albarka, kamar yadda kowane ɗa ke yi. Ta ɗora hannu a kansa. Gashinsa ya fara furfura ta gefen kunne, ba ta ma san da haka ba sai ranar. Maganar na bakinta, fadama kuma ga ta nan gangare kaɗan, ba za a ɗauki lokacin tafasa ruwa ba an gama. Amma rabin gari na tsaye suna kallo, sai ta ce a ranta in ta faɗa yanzu za a ce tsorata ta ya yi da tafiya. Gara in ya dawo. Ta yi masa addu'a, ya tashi ya hau.

Ba a yi mako ba nadama ta kama ta. Ta je ta gaya wa limamin coci ya zauna da shiri, ranar da Hamo ya sauka shi ne shaidar miƙa masa fadama. Da lokacin yankan ciyawa ya yi ta fita da kanta ta tsaya a kan masu lauje, ta sa aka kwashe ciyawar kaf aka tara a rumbun ɗanta. Muriel ta fito ta ga tarin, ta yi godiya cikin ladabi ta koma ciki.

Ganye na zuba daga itatuwa mai kula da dokin Hamo ya shigo gari a ƙasa, yana jaye da doki ba kowa a kai. Hamo ya rasu, ba ma a fagen fama ya faɗi ba. Ciwon ciki ne ya shiga sansani, ya kwashe mutane kamar kaji. An binne shi can arewa a wani wurin da mutumin bai iya faɗin sunansa daidai ba.

Idonea ba ta gama kukan wannan ba wani ya same ta. Barde in ya mutu ya bar magaji ƙarami, ubangidansa ne ke riƙe ƙasar, shi ne kuma ke ɗaukar magajin ya rene shi a gidansa har ya girma. Ismay ce magajiya, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Wakilin ubangida ya iso da mutanensa da keken doki.

Ranar ce Idonea ta fara taka ƙofar yamma tun da aka ja bango. Ta sami wakili zaune a kujerar Hamo, Muriel na tsaye da ƙullin kayanta, Ismay na riƙe da gefen rigarta.

"Ranka ya daɗe," in ji Idonea, ita da ba ta saba rusuna wa kowa ba. "Ku bar mana yarinyar. Ku ɗauki fadama. Ku ɗauki sulusina duka."

Wakili ba mugun mutum ba ne, ya ma tashi ya ba ta wuri. "Uwargida, fadama ta yarinyar ce ko ba daɗe ko ba jima, ba za a fanshe ta da abinta ba. Umarnin da aka ba ni in taho da ita."

"To uwarta fa? Za ku raba 'ya da uwa?"

"Mun riga mun daidaita da ita. Ita ma tana da sulusi a ƙasar mijinta. Ta ce ba ta son a auna mata ko taki ɗaya, ta bar wa ubangida ya ci amfaninsa, a bar ta ta bi 'yarta, ko da wanki za ta riƙa yi a can."

Idonea ta dubi surukarta. Yarinyar da Idonea ta ja bango don tsoronta ke nan, ga ta ta saki duk abin da take da shi ba ta ko waiwaya ba.

"To ni ma haka," in ji Idonea da sauri. "Ni ma na bari. A ba ni ɗan lungu kawai inda zan riƙa ganinta."

Wakili ya sosa gemu. "Gidan ba ya rasa lungu. In uwar yarinya na so, ni ba ni da ta cewa."

Duk aka juya ga Muriel. Tun da ta shigo gidan nan ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Ki zauna, Inna," ta ce. "Ai ya kamata a sami mai tsaron fadamar."

Ta ɗauki 'yarta ta fita. Ismay na ɗaga wa kakarta hannu daga kan keke tana dariya, ta ɗauka kasuwa za su.

Idonea ta yi tsawon rai, irin wanda ba a yi wa mutum fatansa. Ta binne ƙanwarta, ta binne Sibli, ta binne dattawan da suka yi mata awo da wasu daga cikin 'ya'yansu. Sashen Hamo ya zama wurin da mutanen ubangida ke tara ulu. Labarin Ismay takan ji shi a bakin fatake, cewa ta girma, ta yi kyau, ta yi aure can kudu. Sau da yawa ta aika da zuma da cuku, ba ta san ko sun isa ba.

Fadama kuwa ba ta fasa ba da ciyawa ba, shekara bayan shekara, har ta fi ta da. Idonea ta sa a riƙa barin rumbu a buɗe. Duk wanda sanyi ya matsa wa dabbobinsa ya nufo ƙofarta, kafin ya gama gaisuwa ta ce ya je ya ɗiba, ba ta yarda ya kai ga roƙo. A shekarun nan ba tunkiyar da ta mutu da yunwa a Wendham. Mutane suka riƙa yabonta har garuruwan maƙwabta, ana cewa ba a taɓa yin uwargida mai buɗaɗɗen hannu irinta ba. In maganar ta zo kunnenta sai ta kau da kai, ta ce don Allah su yi mata shiru.